Chrono Trigger: wanne za ka saya, kuma yaya za ka gane kaset na jabu?

Tun 1995 kamfanin Square na Japan ya fitar da Chrono Trigger a kan Super Famicom, na'urar Nintendo da ake kira SNES a wajen Japan, amma har yau in aka ce in zaɓar wa mutum gem ɗin labari guda ɗaya daga wancan zamanin, shi nake miƙawa. Ba ya ɓata wa mutum lokaci. Abokan gaba kana ganinsu a fili, in ka ga dama ka kauce musu, ba kamar sauran gem na lokacin ba da faɗa ke faɗo maka kana cikin tafiya. A faɗa kuma jarumai biyu ko uku kan haɗa ƙarfi su kai hari ɗaya. Cikin awa 20 zuwa 25 ka zagaya daga shekara ta 600 zuwa 1000 zuwa 2300, ka koma can zamanin dinoso, ka gama labarin. Zanen Akira Toriyama da kiɗan Yasunori Mitsuda ba su tsufa ba ko kaɗan.

Sai dai an sake fitar da shi sau da yawa, kuma ba duka ne suka cancanci kuɗinka ba.

Ni dai na Nintendo DS, wanda ya fito a 2008, shi ne gwanina. An sake fassara shi zuwa Turanci, maganganun suka fi na 1995 cika da tsari. DS allo biyu gare shi: allon ƙasa ya ɗauke taswira da jerin umarni, sai na sama ya zama fes, ba abin da ke tare maka ido lokacin faɗa. An sa masa gajerun bidiyon katun da aka yi wa na PlayStation, ba tare da jiran lodi ba. Akwai ƙarin wurare biyu, Lost Sanctum da Dimensional Vortex, da sabon ƙarshen labari. Gaskiya Lost Sanctum je-ka-dawo ne mai gajiyarwa, amma ba dole ba ne. Ga shi kaset ɗin DS ba ruwansa da yanki: na Amurka zai yi a na'urar Turai, kuma 3DS ma na karɓarsa. Na'urar da za ka yi wa caji ka rufe ta ka sa a aljihu, ka buɗe ka ci gaba daga inda ka tsaya, ta fi mini komai.

Na PlayStation, manta da shi. Duk buɗe jerin kaya sai ka jira lodi. Na waya yana da sauƙin kuɗi, amma taɓa allo ba ya maye gurbin maɓalli. Na Steam, shagon gem na kwamfuta, ya fito a 2018 da muni har aka yi ta ƙorafi, daga baya aka gyara shi sosai, kuma in kwamfuta kake da ita, shi ne mafita mai hankali. Na SNES kuwa na masu tara kayan tarihi ne.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Na taɓa sayen kaset ɗin DS a wajen wani mai sayarwa a intanet, hoto tsaf, farashi mai daɗi. Na kai awa goma sha huɗu, na shiga masarautar Zeal, washegari na kunna na tarar ajiyar wasana ta goge tas. Jabu ne. Har yau abin na ci mini rai, shi ya sa ba na sayen kaset sai na ga bayansa.

Ka ce a turo maka hoton gaba da baya na ainihin kaset ɗin, ba wanda aka ɗauko a intanet ba. A takardar gaba akwai lamba da ta fara da NTR, sai haruffa huɗu a tsakiya. Waɗannan huɗun dole su zama su ne farkon lambar da aka buga a baya. In sun saɓa, ka riƙe kuɗinka. Duba rubutun takardar ma, na jabu kan yi dishi-dishi. Mai sayarwar da ya ce yana da sababbi fil guda goma a leda, na gem ɗin da aka daina bugawa tuntuni, kuma a farashin banza, ya riga ya faɗa maka abin da yake sayarwa.

Na SNES ya fi haɗari. Ba a taɓa fitar da shi a Turai ba, don haka duk kaset ɗin da aka ce na Turai ne na asali, ƙarya ce. Na Japan ya fi araha, amma komai da Japananci yake. Ko na gaskiyar ne, ajiyarsa na kan ƙaramin batir a ciki, wanda yanzu ya kai shekara 30. Ka tambaya ko an canja shi. In mai kaya ya ƙi buɗe kaset ya nuna maka sunan Nintendo a jikin allon lantarkin da ke ciki, ka nemi wani.