Garejin da ya wanke min lagireto, injin ya koma zafi

A tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40 da rana tsaka, na kai motata Toyota Corolla ƙirar 2006 wani gareji da ke kusa da unguwarmu, saboda famfon ruwan injin ya fara ɗiga. Na sayo sabon famfo da kaina a kasuwar Ƙofar Ruwa. Mai garejin ya ba da shawarar a cire lagireto a wanke shi tunda an riga an zubar da ruwan, na kuma amince domin shawarar ta yi ma'ana. An karɓe ni da mutunci, an gama aikin a yini ɗaya, kuɗin hannun da aka nema bai wuce kima ba, kuma har yau famfon da suka ɗaura bai zubar da ko ɗigo ɗaya ba. Wannan haƙƙinsu ne in faɗa kafin in zo ga ƙorafina.

Washegari, ina cikin cunkoson Titin Zoo bayan sallar Azahar, sai na ga allurar zafi, wadda shekara da shekaru ba ta wuce tsakiya, tana hawa sannu a hankali har ta doshi jan layi. Da hanya ta buɗe na ɗan ƙara gudu sai ta sauko. Na kuma riƙa jin ƙarar ruwa yana gulgul a bayan sitiyari duk lokacin da na taka totur. Na tsaya a gefe, na kashe injin, na jira ya huce sosai kafin in taɓa murfin lagireto, domin ruwan da ke ciki a matse yake, wanda ya buɗe shi da zafinsa kuwa fuskarsa da hannunsa ne za su ƙone.

Da na koma garejin, mai wurin bai ko tayar da motar ba ya ce, "Alhaji, tamostat ne, a cire shi a jefar, motocin nan don ƙasar sanyi aka yi su." Na ƙi yarda. Wannan ɗan bawul shi ne ke riƙe ruwa a cikin inji har ya kai digiri 82 sannan ya sake shi zuwa lagireto, kuma idan aka cire shi injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ainihin ciwon kuma yana nan a ɓoye. Da ya ga ban karɓi wannan ba, sai ya koma cewa wataƙila gasket ɗin kan inji ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, a sauke kan a kai wajen masu gogewa. A nan raina ya ɓaci. Motar da ba ta taɓa zafi ba kafin ta shiga hannunsu, ya kamata a fara duba abin da hannunsu ya taɓa, amma sai aka tsallaka kai tsaye zuwa aikin da ya fi kowane tsada ba tare da gwaji ko ɗaya ba.

Wani dattijon bakanike da abokin aikina ya haɗa ni da shi ne ya warware matsalar, kuma yadda ya bi ta daki-daki ya sa na gane abin da garejin farko ya rasa. Ya fara tambayata lokacin da zafin ke tashi. Da na ce a cunkoso ne kawai, sai ya ce iska ce ba ta ratsa lagireto idan mota na tsaye, wato a fara zargin fanka, domin a buɗaɗɗiyar hanya gudun motar ne ke kawo iskar. Ya tayar da injin ya kunna na'urar sanyaya cikin mota, wadda a wannan mota ya kamata ta sa fanka ta juya, amma ko motsi ba ta yi ba. Ya zura hannu bayan lagireto ya kamo soket ɗin fankar, ashe an ɗora shi ne kawai ba a danna ya kama ba. Ya danna, muka ji ƙas, fanka ta tashi.

Bai tsaya nan ba. Ya duba ƙasan murfin baƙin mai ya ga babu wani kumfa mai kalar shayi da madara, ya duba salansa ya ga babu farin hayaƙi, sannan ya leƙa bakin lagireto na tsawon mintuna yana jiran jerin kumfar da ba ta yankewa, irin wadda ƙonannen gasket ke haifarwa. Kumfar da ta fito ta ɗan lokaci ce, ta iskar da aka bari a ciki sa'ad da aka zuba ruwa da gaggawa, kuma ita ce gulgul ɗin da nake ji. Ya ɗaga gaban motar, ya bar injin yana aiki, yana matsa tiyon sama yana ƙara ruwa har kumfar ta ƙare. Ya nuna min cewa ruwan rijiya tsura aka zuba min, wanda ke tafasa a digiri 100 yana kuma barin tsatsa da farin datti mai daskarewa a cikin siraran bututun lagireto. Robar murfin ma ta tsage, alhali matsin da murfin ke riƙewa shi ke hana ruwa tafasa har sai ya kusa digiri 120. Muka sa sabon murfi da jan ruwan sanyaya inji irin na Toyota.

Da yaran garejin farko sun bar motar tana aiki na minti 20 suna jiran su ga fanka ta tashi kafin su miƙa min makulli, da a gabansu za a gano komai. Kan injin wannan mota na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi, a lokacin kuma maganar gasket ɗin da suka yi za ta zama gaskiya, da kuɗina.

Na koma na yi wa mai garejin bayani a gaban yaransa. Ya ba ni haƙuri, ya tsawatar wa yaron da ya mayar da lagireton, ya kuma ce zai biya kuɗin murfin, na ce ya bar shi. Zan iya kai masa canjin baƙin mai ko birki, amma aikin da ya shafi ruwan inji ba zan sake ba shi ba. Bayan mako guda na je Zariya na dawo da rana tsaka, na kuma maƙale a cunkoso a Kwanar Dangora, allurar ba ta gusa daga tsakiya ba.