Auna tsohon shugaban ƙasa: da alƙaluma ko da matakan da ya ɗauka?

Mai bin alƙaluma yakan ɗauki hauhawar farashi, bashi da rashin aikin yi, ya kwatanta ranar rantsuwa da ranar miƙa mulki. Hanyar tana da sauƙi, amma tana ɗora wa shugaba abin da ba shi ya shuka ba. Gangar ɗanyen mai ta haura dala 100 a tsakiyar 2014, ta faɗo ƙasa da 30 a Janairun 2016, shekarar da tattalin arzikin Najeriya ya karye. Nawa ne laifin Buhari a ciki, nawa ne na kasuwar duniya? Alƙaluma kaɗai ba za su raba wannan gardama ba.

Bin matakai ya fi wahala, ya kuma fi adalci: wace doka ya sa wa hannu, wa ya naɗa, wane zaɓi ne a gabansa a lokacin? Yarjejeniyar da gwamnatin Obasanjo ta ƙulla da Paris Club, ƙungiyar ƙasashen da ke bin Najeriya bashi, a 2005, wadda ta yafe bashin dala biliyan 18, mataki ne da za a iya jingina masa kai tsaye. Raunin hanyar shi ne magoya baya kan lissafa dokokin da suka tsaya a takarda, don haka sai an bi kowace an ga ko an saki kuɗin aiwatar da ita.