Tarkon Sherman a fadamar gishiri: yana aiki, amma sai da gyara

Masu ƙidayar ɓeraye a fadamun gishiri na bakin teku, musamman a gaɓar San Francisco ta Amurka inda ake sa ido kan ɓeran fadama da ya shiga jerin dabbobi masu fuskantar ɓacewa tun 1970, galibi tarkon Sherman suke amfani da shi. Kamfanin H.B. Sherman na Tallahassee a jihar Florida ne ke ƙera shi. Akwati ne na alminiyam mai kama dabba da ranta. Samfurin da aka fi saye tsawonsa inci 9, faɗi inci 3, tsayi inci 3.5. Yana naɗewa ya kwanta shafal, shi ya sa mutum ɗaya zai iya ɗaukar da dama a jaka yana ratsa taɓo.

Sai dai don busasshiyar ƙasa aka tsara shi, kuma fadama tana tona masa asiri.

Abu na farko shi ne farantin da ɓera ke takawa ƙofa ta rufe. Wannan ɓeran bai cika wuce giram 15 ba, don haka in ƙugiyar da ke riƙe ƙofar ta yi tauri, sai ya shiga ya ci abincinsa ya fice. Ana ɗan lanƙwasa ƙugiyar da yatsa har sai taɓa farantin kaɗan ya sa ƙofar ta faɗa. Kowace yamma a gwada, domin ƙwayar hatsi ɗaya da ta maƙale ƙarƙashin farantin ta isa ta hana shi motsi. A zuba abincin can ƙurya, kaɗan kawai. Yawansa tururuwa yake kira.

Ruwa ne babbar matsala. Tarkon ba ya iyo, kuma cikar teku da daddare na iya nutsar da dabbar da ke ciki. Kafin a kafa, a duba jadawalin cikar teku, a guji dararen da ruwa ke kaiwa ƙololuwa, wato wajen tsayuwar wata da cikarsa. A ɗora tarkon a kan ciyawar gishiri mai kauri ko a ɗaure shi a kan katako mai iyo, a kafa masa turke da tuta. Tazarar mita 10 tsakanin tarkuna ita aka saba.

Alminiyam ba ya riƙe ɗumi. A saka dunƙulen audugar roba a ciki, ba ta gaske ba, don ita tana shan raɓa ta ƙara sanyi. A buɗe da faɗuwar rana, a duba da asuba. Da rana ta ɗaga akwatin ya zama tanda. Jaɓa kuwa, in ta faɗa tarkon, ko sa'o'i kaɗan ba ta jurewa babu abinci, kuma a nan tarkon Longworth na Ingila, mai ɗakin kwana daban, ya fi shi, ko da yake ya fi tsada.

Gishiri yana cin sifirin da sandar mahaɗi. Bayan kowane zagaye a zare sandar, a shimfiɗa tarkon, a jiƙa shi a ruwan bilic kashi ɗaya cikin goma saboda cutar hanta-bairos (hantavirus) da ɓeraye ke yaɗawa, da safar hannu, sannan a ɗauraye sosai da ruwan daɗi, domin bilic ɗin ma yana cin alminiyam. A sayi sifirin na ajiya tun farko. Kama wannan ɓeran kuma sai da lasisin hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka.