Yankan kwance da yankan tsaye a tiyatar haihuwa

A asibitocin Gusau, yawanci yankan kwance ake yi, a ƙasan mahaifa inda naman ba kauri. Jini bai cika zuba ba, ɗinki na kamawa sosai, kuma a ciki na gaba mace na iya gwada naƙuda a asibiti, don yagewar tabon ba ta kai 1 cikin 100 ba.

Na tsaye kuwa sai dole: ɗa ya gicciye, ko bakwaini ne ƙwarai. Tabonsa ba ya jure naƙuda, don haka a ciki na gaba ana sa ranar tiyata kafin wata tara ya cika. A ganina, mai irinsa a Tsafe ko Anka ta matso kusa da asibiti da wuri.

Tabon mara ba ya nuna irin yankan da aka yi wa mahaifa. Takardar sallama ke faɗa, a adana ta.