Bayan haɓo: ƙwayar barci ko gyaran makwanci?

Wani ƙanenmu na Marwa ya yi tambaya jiya. Haɓo ya ɓalle masa har sai da aka kwashe shi zuwa asibiti, aka cusa masa auduga a hanci kwana 2, sannan aka cire. Jini ya tsaya, amma barci ya ƙaurace masa: da ya runtsa sai ya zabura, gabansa na faɗuwa, ya shafa matashi, ya haska tocila. Yana so ya ji, ya sayi ƙwayar barci ne, ko ya bi ta wata hanya?

Sannu da jiki, ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma na sha irin wannan a Garwa cikin hunturu, kuma duka hanyoyin biyu na taka su.

Ƙwayar da masu tebur ke miƙawa yawanci diazepam ce, wato Valium, ko kuma Piriton. Ba zan ɓoye maka ba, suna kawo barci, daren farko kamar an jefa dutse a rijiya. Amma hancin da aka yi wa aiki a kumbure yake, da baki kake numfashi, Valium kuwa tana sake naman maƙogwaro, tana rage ƙarfin numfashi, musamman ga mai minshari ko mai jiki. Idan jinin ya dawo kana kwance, maƙogwaro zai bi, wanda ƙwaya ta danne kuma ba ya farkawa da wuri. Cikin 'yan makonni jiki ya saba da ita, ranar da ka bari rashin barcin ya dawo ya fi na da. Piriton kuma busar da hanci take yi, alhali bushewar hunturu ce ke tsattsaga fatar ciki tun farko. Tramol kam kada ma a kawo zancensa. Dare 3 na sha ƙwaya, kullum in tashi kai ya yi nauyi, tsoron kuma yana nan inda na bar shi.

Ɗaya hanyar ba ta da sauri, sai an daure. Matashi biyu ko uku, kai ya fi ƙirji tudu. Ɗan Vaseline a bakin hanci safe da dare, ba tare da zurfafa yatsa ba, da ruwan gishirin nan na ɗigawa a hanci da ake samu a kantin magani. Matata takan jiƙa zani ta rataya a taga, ta juyar da fanka daga fuskata, ta aje kofin ruwa kusa saboda bushewar baki. Kada ka fyace, kada ka ɓanɓare ɓawon, har mako ɗaya ko biyu. Atishawa kuma ka yi ta baki a buɗe. Ciwon kai, sai paracetamol. Aspirin, ibuprofen da diclofenac suna hana jini daskarewa da wuri, sai dai in likita ne ya ɗora ka a kan aspirin, to kada ka yanke sai ka tambaye shi. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne barin shayi da goro daga la'asar, domin mu nan hira ba ta tafiya sai da butar shayi, amma su ne ke riƙe ido. Sujada ma na tambayi malam, na yi 'yan kwanaki ina salla a zaune.

Sai dai abin da ya dawo mini da barci na gaske shi ne sanin abin da zan yi in jinin ya dawo. Na aje roba, tsumma mai tsabta da agogo a gefen gado, na kuma yi magana da wani maƙwabci mai babur ko tsakar dare in buga masa. In ya zubo: ka tashi zaune, ka sunkuya gaba, ka matse tattausan wurin hanci minti 10 zuwa 15, ba saki ba leƙawa. Ɗaga kai sama da aka koya mana muna yara, jinin kawai yake tura wa ciki, ya jawo amai. In ka matse sau biyu bai tsaya ba, ko jiri ya kama ka, sai asibiti. Ɗan jirwayen ja a kan matashi da safe kuwa ba dawowar haɓo ba ce, raunin ne ke warkewa. Da na san wannan, sai in yi Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi in juya, na daina haska tocila.

Saboda haka ni ta biyun na zaɓa maka. In mako 2 ya wuce ido bai rufu ba, koma wurin likita. Ƙwayar da zai rubuta ta 'yan kwanaki yana sane da hancinka daban take da ta tebur. Faɗuwar gaban nan kuma kada ka ɗora ta duka a kan tsoro: wanda ya zubar da jini da yawa zuciyarsa kan yi ta bugawa saboda ƙarancin jini. Je a auna maka yawan jinin, a duba hawan jini, ka dawo ka faɗa mana abin da awon ya nuna.