Audacity ta raba muryata da ƙarar janareta

Darasin zagayawar jini ne ya kai ni ga Audacity, manhajar naɗa da gyaran sauti. Shafi 18 na shirya wa 'yan ajin ƙarshe a PowerPoint, na zauna bayan isha'i na naɗi bayani a kan kowanne. Da na kunna, sai ga janaretan maƙwabta yana bin kowace kalma, ga tarin da ya sarƙe ni ina tsaka da bayanin zuciya. PowerPoint farkon sauti da ƙarshensa kawai take datsewa. Abin da ya faɗo a tsakiya sai dai a sake naɗar shafin.

Ƙanwata da ke aiki a gidan rediyo ta ce, "Yaya, sauke Audacity, ko sisi ba za ki biya ba." Haka kuwa aka yi. Tun shekarar 2000 ake raba ta kyauta, kuma tsohuwar kwamfutata ta ɗauke ta ba gardama.

Abin da ya fara burge ni shi ne ganin muryata da ido. Magana tana fitowa tudu-tudu a kan layi, shiru ya kwanta, tari kuwa ya miƙe tsaye shi kaɗai kamar turke. Na ja linzamin kwamfuta a kansa, na goge, jimlar ta haɗe kamar ba a taɓa ta ba. Haka na bi duk "eh to" ɗin da na cika bayanin da su.

Janareta ya fi neman haƙuri. Za ka zaɓi daƙiƙa biyu inda ba ka magana, ka shiga Noise Reduction ka danna Get Noise Profile, manhajar ta san ƙarar, sannan ka zaɓi sautin duka ta rage ta. A bi a hankali: in aka matsa da yawa, murya takan koma kamar daga cikin tulu ake magana. Shi ya sa yanzu nake barin ɗan shiru da gangan a farkon kowace naɗa.

Na sa alama da Ctrl+B a farkon bayanin kowane shafi, manhajar ta fitar min da fayil 18 daban-daban, na dasa kowanne a shafinsa.

Audacity tana da nata cikas. Ta kwamfuta ce, ba a yi ta don waya ba, alhali yawancin malaman da nake aiki da su waya ce kayan aikinsu. Maɓallanta kuma suna da yawa, dare biyu na yi kafin hannuna ya faɗa. Amsa-kuwwar ɗaki ma ba ta goge min ita ba, sai da na koma naɗa a uwar ɗaka, inda labule da katifa ke shanye sauti.

Na mayar da darasin bidiyo na tura zauren WhatsApp na ajin. Washegari wata ɗaliba ta tare ni a bakin ofis: "Malama, na kidney ma za ki yi mana irin wannan?" Na ce mata na ƙoda yana nan tafe ranar Alhamis.