Ofishin dillalan da ke riƙe da gidan hayarmu: hannun karɓa da sauri, na gyara da nauyi

Shekarata uku a wani gida mai ɗaki biyu da falo a Rijiyar Zaki, nan Kano. Mai gidan ban taɓa sa shi a ido ba, an ce a Abuja yake. Komai ta hannun wani ofishin dillalan gidaje yake bi, su ne kuma zan faɗi abin da na gani game da su.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Ranar da na kama gidan sun karɓi la'adarsu ta kashi goma, suka ba ni rasit mai hatimi da takardar yarjejeniya, ba irin dillalan bakin titi ba da za su ce "ai mun yarda da juna". Ba su taɓa ɗaga min murya ba. Idan haya ta kusa ƙarewa, tun saura wata guda saƙonsu zai shigo WhatsApp da sallama da gaisuwar iyali.

A watan Agustan bara ne na san sauran halinsu. Wani dare aka yi ruwa da iska, ta ɗage kwano biyu a saman ɗakin yara. Kafin asuba silin ya sha ruwa ya yi ciki ya sauko, ruwa na bin bango har ya kusa soket. Na kashe wutar gidan gaba ɗaya, uwargida ta jera baho da bokitai da tukunyar tuwo, muka ja katifa zuwa falo. Da gari ya waye na kira ofishin. "Subhanallahi! Malam ka yi haƙuri, yanzu za mu sanar da Alhaji." Bayan kwana biyu, wai Alhaji bai ɗauki waya ba. Bayan mako, wai ya ce a duba. Ranar kwana na tara suka turo kafinta. Ya hau, ya mayar da kwanon nan da ya lanƙwashe, ya ɗora masa bulo uku da tsohuwar taya, ya shafa kwalta a ramukan ƙusa, ya sauko yana karkaɗe hannu. Ruwan da ya biyo baya shi ya kayar da silin ɗin ƙasa. Allah ya tsare, yaran suna falo.

Nan na daina kiran waya, don na lura maganar baki a wurinsu iska ce. Na ɗauki hotuna da bidiyo, na kawo kafintana ya hau ya rubuto abin da ake buƙata: kwano, katako biyu da suka ruɓe, ƙusa, silin. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa da kaina na ji farashi. Sannan na rubuta takarda kwafi biyu, na sa kwanan wata, na ce ko dai su gyara cikin kwana uku, ko su sa hannu in gyara da kuɗina a cire a hayar baɗi. Na roƙi wani dattijo maƙwabcinmu ya raka ni. Manajan ya so ya ajiye takardar a durowa, dattijon nan ya ce, "Haba ɗana, sa masa hannu mana, damina ba ta jiran Alhaji." Abin mamaki, Alhajin da ba ya ɗaukar waya, nan take ya ɗauka. Aka sa hannu, aka buga hatimi. Kwana biyu kafinta ya gama.

Da lokacin biyan haya ya zo sun cire kuɗin kaya ba musu, tunda na ajiye kowane rasit. Kuɗin aiki ne aka kai ruwa rana, wai kafinta bai ba da rasit ba. Wane kafinta ne yake yawo da rasit? Ƙarshe rabi suka yarda da shi, na haƙura.

Wanda ke neman gida zai iya zuwa wurinsu, ba za su cinye masa kuɗi ba. Amma ya tsaya kai da fata a rubuta a yarjejeniya wanda gyaran rufi da sokawe da wayarin yake kansa, da kwanakin da za a jira. Tawa ba ta ce komai a kan wannan ba, ni kuma lokacin ɗokin samun gida bai bar ni na karanta ba.

Bana sun aiko da sanarwar ƙarin haya. Cikin dalilan da suka rubuta har da cewa an yi wa gidan sabon rufi.